An Matsar Da Turken Raga Ina Jan Sallah

Zuwa ga Mai Girma Editan wannan jarida mai albarka, da mataimakansa kowa bisa matsayinsa, da kuma Hajiya Badi'a mai kula da wannan fili na shawarwari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da ban girma, da fatan kun tashi lafiya tare da iyali da abokan aiki, ina roƙonku da girman Allah ku ba ni aron fili ku taimake ni da shawara, domin ina cikin wani al'amari da ya tsaya mini a rai, kuma ranar da aka yanka mini ta matso.

Ina sanar da ku tun farko cewa ni na rubuta wannan takarda da hannuna, babu wanda ya riƙe mini alƙalami. Wata goma sha huɗu ke nan da na shiga ajin yaƙi da jahilci na Malam Lukuman, kuma na zo na biyu cikin mutum ashirin da uku. Na sakaya sunana kamar yadda na ga ana yi a wannan fili, ko da yake duk wanda ya san Dugabau zai gane ni, domin kyaftin ɗaya ne a garin.

Ni magidanci ne, manomi, shekarata talatin da ɗaya. Shekara shida ke nan nake riƙe da kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garinmu. Ba yabon kai ba, kafin in karɓa ana yi mana kallon 'yan tasha. Ni na hana shan taba a bakin fili, ni na hana zagin alƙalin wasa, kuma da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ban jira wani ya zo ya ce mana komai ba, na sa kowane ɗan wasa ya ɗinka wando mai rufe gwiwa. Dattawan da suke hana 'ya'yansu zuwa fili a da, yanzu da kansu suke kawo mini su.

Bana bayan an cire amfanin gona, wani ɗan kasuwa, Alhaji Maikuɗi, ya sa kofi tsakanin ƙauyukan Gwarzo da na Kabo. Wanda ya yi nasara zai ɗauki kofi da rigunan wasa da ƙwallon fata guda biyu. Mai zaune a birni zai ga abin ƙarami ne, amma a wannan zamani na tsuke bakin aljihu, ƙwallonmu guda ɗaya ce, kuma ta sha faci har mai faci ya ce kada a sake kawo masa ita. Muka yi ta nasara har muka kai wasan kusa da na ƙarshe, aka haɗa mu da Kara, a filinmu.

Dole in yi bayanin filin, don a fahimci abin da ya biyo baya. Ba mu da ƙarfe, ba mu da ragar zare. Kowane gefe turaku biyu ne na itacen turare a kafe a ƙasa, sai igiyar rama da aka ɗaure daga kan wannan zuwa kan wancan a maimakon sandar sama. Saboda wahalar mai da ƙarancin mota, kwamitin gasa ya ce a riƙa fara wasa ƙarfe uku, domin baƙi su koma gida da sauran rana. Saboda haka hutun rabin lokaci yakan faɗo daidai la'asar, kowa ya tafi ya yi sallah sannan a dawo a canza gida.

Kafin a tafi hutu mun ci su ɗaya, kuma ni na jefa ta da ka. Da aka busa, na tara yarana na yi musu magana irin ta shugaba. Na ce musu ɗayan nan ita ce mutuncin Dugabau. Na dubi Mudi, mai tsaron gidanmu, wanda aminina ne tun muna yara, na ce masa idan ya bari ƙwallo ta shiga kada ya ƙara gaishe ni a hanya. Na dubi Sajo, mai tsaron baya, wanda ƙanin matata ne, na ce masa ban damu da yadda za su yi ba, su dai san yadda za su yi. Wannan magana ce ta ƙarfafa gwiwa, kowane kyaftin yana yin irinta.

Daga nan aka tafi gindin wata tsamiya da ke gabas da fili aka yi alwala. Mutanen Kara da kansu suka ce in wuce gaba in ja sallah, har da kyaftin ɗinsu Ja'afar, da alƙalin wasa Malam Musbahu, duk suna bayana. Ina roƙon Hajiya ta lura da wannan da kyau: muna fuskantar gabas, filin yana bayanmu, ni kuma ina gaban kowa. A cikin mutanen da ke wurin babu wanda ya fi ni nisa da turakun nan. A wannan lokaci ne Mudi da Sajo suka ce za su kewaya, suka zame, suka ɗauko dagi a wata gonar rogo da ke kusa, suka tuge turke ɗaya na gidan da za mu tsare bayan hutu, suka matsar da shi ciki kamu ɗaya da 'yan kai, suka cike tsohon ramin. Ban sa su ba. Ban gan su ba. A kan wannan zan iya dafa Alƙur'ani.

Yanzu zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba, domin an ce mini mai neman shawara ba ya ɓoye komai. Da muka dawo fili, na ga igiyar gidanmu ta yi sako-sako, ta sauko har mutum mai tsawo zai taɓa ta da ka. Ni mutum ne da ba ya son ganin abu a karkace. Na kira Sajo ya durƙusa na hau kafaɗarsa, na kwance igiyar na ja ta ta miƙe. Da na zo ɗaurewa sai na ga ta yi saura, har sai da na naɗe ta sau uku a jikin turken, alhali da safe ni na ɗaure ta kuma da ƙyar ta kai. Da na sauko na ga ƙasa mai danshi a gefe, baƙa, ba irin ta kewayenta ba. Na dubi Mudi, shi kuma ya sunkuya yana gyaran safa. Ban tambayi kowa komai ba. Na sa takalmina na daddanna wurin ya yi daidai, domin kada wani ya gurɗe ƙafa. Malam Musbahu ya busa, aka ci gaba.

Mutanen Kara suka taso mana haiƙan. Saura kamar minti huɗu a tashi, Ja'afar ya yanke Sajo ya buga wata ƙwallo ƙasa-ƙasa, Mudi ya faɗi wani gefe daban, ƙwallon ta daki turken nan ta fita. Garinmu ya ɗauki sowa. Aka tashi ɗaya da nema, aka ɗaga ni sama har ƙofar gidan mai unguwa.

Abin da yaran nan suka manta shi ne, ba kowa ne ya tafi gindin tsamiya ba. Akwai wata tsohuwa, Inna Gwamma, mai sayar da dafaffiyar gyaɗa, tana zaune a bakin fili da farantinta. Sun gan ta sarai, amma ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Ita kuma ta ɗauka gyara suke yi, har ta ce musu sannunku da aiki samari, Sajo ya amsa mata da yawwa Inna. Bayan kwana uku ta je suna a Kara, wurin 'yar ƙanwarta, tana ta yabon yaran Dugabau a tsakar gida, wai ba ta taɓa ganin masu himma irinsu ba, jama'a na sallah su suna gyaran fili da dagi. Kafin a gama rabon waina magana ta fita zaure.

Washegari mutanen Kara suka zo da tef ɗin wani tela, a gaban jama'a aka auna gida biyun, aka ga bambanci. Aka tona gefen turken aka sami tsohon ramin. Ja'afar ya kwanta a ƙasa ya nuna inda ƙwallonsa ta bi, kowa ya ga da turken yana wurinsa da ta shiga. Shugaban kwamitin gasa, Malam Datti, wanda tsohon hedimasta ne, ya kira Mudi da Sajo, suka amsa laifinsu ba gardama. Ya tambaye su ko kyaftin ya sani, dukansu biyu suka rantse ban san komai ba. Sai dai da aka sake tambayar Inna Gwamma, ta ƙara da cewa ta ga dogon nan mai ƙyalle a hannu, wato ƙyallen kyaftin da nake ɗaurawa, ya tsaya a kan wurin yana dannawa da ƙafa, kuma ita tsohuwa ce amma ba makauniya ba.

Ga inda magana ta tsaya. Kwamiti zai zauna ranar Asabar ta ƙarshen wata a Gwarzo, kuma Malam Datti ya ce in kawo bayanina a rubuce. Ya faɗa mini a fili cewa idan ya tabbata yaran biyu su kaɗai suka yi, za a dakatar da su shekara biyu, a sake wasan, in jagoranci sauran. Idan kuwa ya tabbata kyaftin ya sani, to laifin na kulob ne, za a cire Dugabau daga gasar gaba ɗaya, ni kuma a raba ni da shugabanci.

Na zauna na auna al'amarin da hankalina, kuma ina ganin ba ni da laifi, bisa dalilai kamar haka. Na farko, ba ni na riƙe dagi ba, kuma Allah ba ya kama wani da laifin wani. Mudi da Sajo ba yara ba ne, kowannensu yana da gemu. Na biyu, malamai sun hana mu mummunan zato ga Musulmi. Igiya tana iya saki saboda rana, ƙasa tana iya yin danshi saboda wani ya zubar da ruwa, to da wace hujja zan tsayar da wasa in tozarta aminina da surukina a gaban baƙi? Na uku, auna fili aikin alƙalin wasa ne, shi aka ba usur, ba ni ba. Na huɗu, a iya abin da na ji a wurin karatu, shaidar mace ɗaya ba ta isa a yanke hukunci da ita ba. Sannan akwai mutum takwas da suka yi gumi da gaskiya, ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ɗaya daga cikinsu ya sayar da zakaransa ya sayi takalmin wasa. Idan na rubuta zancen igiya, su zan kashe wa gasa.

Duk da haka akwai abin da yake damuna, shi ya sa na rubuto. Ja'afar ya tare ni a bakin kasuwa, bai zage ni ba, ya kira ni Malam Liman, ya ce shi ba ƙwallon ce ta dame shi ba, abin da yake so ya sani shi ne ko wanda ya bi sallah a bayansa ranar nan ya san abin da ya dawo ya tarar. Na ce masa kwamiti zai yi bayani. Matata Sadiya kuma, tun da aka ce za a dakatar da ƙaninta, ba ta yi mini rashin kunya ba, amma rannan tana zuba mini ruwan wanka ta ce, Maigida, ita ba ta san ƙwallo ba, amma ta san igiyar shanya, kuma ba ta taɓa ganin igiya ta ƙara tsawo da kanta ba. Mudi kuwa in mun haɗu sai ya gaishe ni da ladabi fiye da da, ni kuma sai in rasa inda zan sa idona. Har ila yau wasu samarin garin sun daina sayen gyaɗar Inna Gwamma, suna kiranta 'yar leƙen asirin Kara, ban sa su ba, ban kuma hana su ba.

Tambayata ita ce: shin shugaba yana ɗaukar laifin da mabiyansa suka yi a bayan idonsa? Kuma idan na rubuta cewa ban sa su ba kuma ban gan su ba, wanda gaskiya ne tsantsa, na tsaya a nan ban ƙara komai ba, na yi ƙarya? Ni dai ina da yaƙinin ban yi ba, amma ina so in ji daga bakin masu ilimi.

Domin kada a ce na ƙaga wani abu, ga waɗanda suka halarta. Malam Musbahu alƙalin wasa da Ja'afar kyaftin ɗin Kara, suna sahun farko a bayana lokacin sallah. Malam Lukuman malaminmu, yana sahu na biyu, kuma ya ga lokacin da na hau ɗaurin igiya. Mudassir tela, mai tef ɗin da aka yi awo da shi. Malam Datti, wanda Mudi da Sajo suka amsa laifi a gabansa. Sai Inna Gwamma mai gyaɗa. Dukansu suna raye, ana iya tambayarsu.

Naku cikin ladabi da biyayya,
Kyaftin Mai Neman Haske, Dugabau.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam Kyaftin. Na karanta takardarka sau biyu, kuma ina taya ka murnar wannan hannu naka. Mutane da yawa da suka fi ka daɗewa a aji ba za su iya jera magana haka ba. Ka gaishe mini da Malam Lukuman.

Bari in fara da inda kake da gaskiya, domin kana da ita ba kaɗan ba. Ba kai ka tona rami ba, kuma na yarda ba ka sa a tona ba. Shugaba ba makiyayin zukatan mutane ba ne. Da a ce an matsar da turken nan, aka gama wasa, ba ka lura da komai ba sai ranar da aka zo da tef, da na ce maka ka rubuta layi biyu ka je ka yi barcinka. Abin da zai rage a kanka a lokacin shi ne jin kunya irin ta wanda abu ya faru a gidansa, ba laifi ba. Maganar da ka yi musu a hutu ma ban ɗauke ta umarni ba. Amma ka riƙe wannan don gaba: mutumin da aminin ƙuruciyarsa ya ce masa kada ya ƙara gaishe shi, ba ya jin abin a matsayin ƙarfafa gwiwa. Yaran nan sun fi tsoron fushinka a kan tsoron abin kunya, kuma kai ka koya musu haka.

Sai dai tambayar da ka yi ba ita ce tambayar da ke gabanka ba. Ka tambaye ni a kan abin da aka yi a bayan idonka. A kan wannan na wanke ka. Amma akwai abin da aka yi a gaban idonka, da hannunka da ƙafarka. Kai ka ɗaure igiyar da safe, ka san tsawonta. Kai ka naɗe saurar sau uku. Kai ka ga baƙar ƙasa, ka dubi Mudi, ba ka dubi kowa ba sai shi. Me ya sa shi? Wannan ba zato ba ne, Malam Kyaftin. Zato shi ne ka tuhumi mutum ba dalili. Kai dalilin yana naɗe a hannunka, abin da ka guje wa shi ne tambaya, domin ka san amsar da za ka ji. Daga wannan lokaci zuwa busar ƙarshe, minti arba'in da biyar, Malam Musbahu yana kusa da kai. Ba sai ka tozarta kowa ba. Da ka ce masa igiya ta saki, a auna gidan nan kafin a fara, da an mai da turke wurinsa, an yi 'yar hayaniya an wuce. Laifin yaran ya ƙare lokacin da suka ajiye dagi. Naka ya fara lokacin da ka sauko daga kafaɗar Sajo.

Batun shaidar mace ɗaya kuwa, ni ba alƙaliya ba ce, kuma kwamitin ƙwallo ba kotu ba ne. Amma ko a ina ne, ana neman shaida a kan wanda ya musa ne. Kai ba ka musa ba, ka rubuto mini da kanka cewa ka danna wurin da takalmi. Abin da Inna Gwamma ta faɗa, kai ne ka fi kowa sanin gaskiya ne. Ka lissafa mini shaidu shida, ka bar wanda ya fi su gani duka.

Shin idan ka rubuta rabin magana ka yi ƙarya? Kowace kalma za ta zama gaskiya, amma Malam Datti zai tashi daga zaman nan da fahimtar da ka san ba haka take ba, kuma don ya tashi da ita ka rubuta. Sannan ka duba wanda zai biya. Mudi da Sajo sun rantse a kan abin da suka san ba haka ba ne don su rufa maka asiri, za su zauna shekara biyu a waje kai kana ciki da ƙyalle a hannu. Tsohuwa kuma za ta zama maƙaryaciya a garinta. Ba na jin mutumin da ya rubuto wannan takarda zai iya zama da wannan, tun da ga shi tun yanzu ya kasa haɗa ido da amininsa.

Maganar mutum takwas ɗin nan ita ce mafi nauyi cikin dalilanka, kuma ba zan yi kamar ba ta da nauyi ba. Ga abin da nake ganin za ka yi. Ka rubuta komai yadda ka rubuto mini, da sallah da igiya da takalmi. A ƙarshen takardar ka ajiye shugabanci da kanka kafin a karɓe, ka ce wasan na Kara ne ba sai an sake ba, sannan ka roƙi kwamiti hukuncin ya tsaya a kan ku uku, a bar sunan kulob cikin gasar baɗi, a kuma bar sauran su buga wasan neman na uku idan akwai shi. Ba na yi maka alkawarin za su yarda. Amma roƙon wanda ya kawo kansa ya fi shiga kunne a kan roƙon wanda aka kamo. Kada kuma ka jira Asabar. Kai da kanka ka ce za a gane ka, jaridar nan kuwa tana zuwa Gwarzo. Ka je wurin Malam Datti ya ji daga bakinka tukuna.

Kafin nan ka tara yaranka ka faɗa musu, kada su ji a bakin kasuwa. Wasu za su yi fushi, mai zakara zai fi kowa, kuma yana da hakki. Ka saurare shi kada ka yi masa wa'azi. Ka kira Mudi da Sajo gefe ka ce musu ka sauke musu nauyin rufa maka asiri, su je su gyara rantsuwarsu, su tambayi malami abin da ya hau kansu. Samarin da ke tsangwamar Inna Gwamma kuwa, kai kaɗai za su ji wa magana. Ka je ka zauna gaban farantinta da rana tsaka ka gaishe ta kowa yana gani. Ja'afar ma ya yi maka tambaya cikin mutunci, ka hau kekenka ka kai masa amsa har Kara.

Wataƙila ba za ka sake ɗaura ƙyallen nan ba, wataƙila kuma bayan shekara ɗaya ko biyu su zo da kansu su ce ka dawo. Wannan ba a hannunka yake ba, kada ka yi abin don shi. Abin da ke hannunka shi ne kofin nan bai zama naku ba tun ranar da ƙwallon Ja'afar ta daki turke, kuma kai kaɗai ka rage da za ka faɗi haka a yarda. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya ranar zaman, ya sanyaya zukatan yaranka, ya bar zumunci tsakanin Dugabau da Kara. Ka gaida Sadiya.

Hajiya Badi'a